Jihar Utah: ba sa shan giya, amma su ne dillalanta

Direban Salt Lake
Assalamu alaikum 'yan gida. Jiya Lahadi wani abu ya faru da ni a bakin aiki, tun dare nake juya shi a raina, na ce bari in kawo shi nan a taya ni dubawa.

Na ɗauko wani Bature da matarsa daga filin jirgin Salt Lake City, sun zo wasan zamiya a kan ƙanƙara, za su Park City. Ba mu yi nisa ba ya ce in tsaya masa ya sayi giyar inabi ya tafi da ita masauki. Na ce yallaɓai yau Lahadi, ba za ka samu ba. Ya ɗauka tsokana ce. Muka tsaya a wani katafaren kanti, ya shiga ya zagaye shi kaf, ya fito hannu rabbana. Wai biya kawai ya gani, ita ma marar ƙarfi. Har muka hau duwatsu yana mita, matar tana ba shi haƙuri.

Ga wanda bai san garin ba: a jihar Utah, duk abin sha mai sa maye da ƙarfinsa ya haura kashi 5 cikin ɗari, gwamnati ce dillaliyarsa. Ita ke sarowa, ita ke yanka farashi, shagunan nata ne, masu tsaron shagon albashin gwamnati suke ci. Otal-otal da mashaya ma a wurinta suke sara. Ranar Lahadi da ranakun hutu kuma shagunan a garƙame suke. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Nan ce cibiyar cocin da ake kira Mormon, kuma addininsu ya hana giya da taba da shayi da gahawa.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, mutanen da suka ce haramun ce su ne suka riƙe cinikin. A shekara ana sayar da ta sama da dala miliyan 500 a shagunan nan. Doka ta ce kashi 10 cikin ɗari na cinikin a zuba shi a abincin rana na 'yan makaranta. Ke nan 'yata da ke aji uku, abincin da ake zuba mata a faranti akwai kuɗin wiski a ciki. Jama'a wannan tsoron Allah ne ko wayo?

Ɗan Damagaram
Wa'alaikumus salam. Wayo ne mana, har sai an tambaya? An ƙi cin biri an ci dila. Kuma kai da ka taka masa burki a ƙofar kanti, jira Malam yana nan tafe kanka.

Malam Na-Tudu
Ga ni kuwa. Direba, Allah ya sa dai ba ka kashe mita ba lokacin da yake zagayen.

Maganar gaskiya, in da ma'auninmu za a auna, babu wani dogon bincike. Hadisi ya la'anci mutum goma a kan giya: mai matsa ta, da wanda aka matsa wa, da mai sha, da mai ɗauka, da wanda aka kai wa, da mai shayarwa, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta, da mai saye, da wanda aka saya wa. Gwamnatin da ta buɗe shago ta shiga layi biyu ko uku a nan. Amma kafin mu kira mutane munafukai, sai mun san me nasu littafin ya ce. Shin sha aka hana su, ko har da ciniki? Wa ya san tarihinsu a cikinmu?

Ɗan Wusasa
Allah ya gafarta Malam, bari in ɗan taɓa. Ni ɗan Angilika ne, ba nasu ba ne, amma na yi shekara huɗu ina karatu a Jami'ar Utah, na zauna da su gida ɗaya.

Cikakken sunansu Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, kuma tun 2018 shugabansu na lokacin Russell Nelson ya roƙi a daina ce musu Mormon, sai dai baki ya riga ya saba. Joseph Smith ya kafa cocin a 1830. Hanin giya ya zo a 1833 a garin Kirtland na jihar Ohio, suna kiransa Kalmar Hikima. Abin da mutane ba su sani ba, da farko nasiha ce, ba tilas ba. Bayan Brigham Young ya kawo su kwarin Salt Lake a 1847, da hannunsu suka dasa inabi a kudancin jihar wajen St. George suna matsa giya, har da ita suke jibin Ubangiji. Akwai wiskin gida da ake kira Valley Tan, matafiya masu wucewa Kalifoniya sun san shi. Yanzu ruwa suke sha a jibin. Sai a 1921, zamanin shugabansu Heber Grant, aka ce duk wanda bai kiyaye wannan hani ba ba zai samu takardar shiga haikali ba. Daga nan abin ya zama alamar da ake gane su da ita.

Ga inda abin dariyar yake. Lokacin da Amurka ta haramta giya a ƙasa baki ɗaya, aka zo ana son sokewa, ana buƙatar jihohi 36 su amince. Wace jiha ce ta cika ta 36? Utah, ranar 5 ga Disamba 1933. Grant ya roƙi mabiyansa kada su yarda, suka shiga rumfar zaɓe suka yi abin da suka ga dama. Shekara biyu bayan nan, a 1935, jiha ta ce to tunda ta dawo, ba za a bar wa 'yan kasuwa ba, ni zan riƙe.

Amsar tambayarka Malam: abin da ake tambayar mabiyi shi ne ko yana sha. Ba a tambayarsa ko yana sayarwa. Ka duba iyalan Marriott masu otal-otal a duniya, 'yan cocin ne na gaske, kakansu da sayar da lemo ya fara a Washington a 1927, amma da wuya ka shiga babban otal ɗinsu ka rasa mashaya.

Malam Na-Tudu
Madalla, na ƙaru. To ka ga ba su saɓa wa littafinsu ba. Namu ne ya fi tsauri a nan.

Ɗan Damagaram
Littafin da ya hana ka sha amma ya bar ka ka shayar da ɗan wani, Malam ai da sauran magana.

Auta Kuku
Ku bar tarihi, ni da idona na ga abin da har yau in na tuna sai na yi dariya. A 2015 na fara aiki a wani gidan abinci a tsakiyar Salt Lake, wanke-wanke nake kafin a ɗaga ni zuwa murhu. Dab da inda nake wanke kwanuka akwai wani ɗan lungu da aka kare da gilashi mai duhu-duhu, irin na tagar banɗaki. A nan mai haɗa giya yake tsayawa. Doka ce: duk gidan abincin da aka buɗe bayan 2009, ba a zuba giya ko a haɗa ta a gaban masu cin abinci, wai kada yara su gani ta ba su sha'awa. Mutanen gari suka raɗa wa gilashin suna labulen Sihiyona.

To ka ga abin mamakin, ana gama haɗawa a bayan labule sai sabis ya ɗoro kofin a tire, da 'yar lemarsa da yankan lemun tsami a baki, ya ratsa tsakiyar yaran nan ya dire a teburin babansu. Zubawar ce haramun a gani, shan ba komai.

Kuma kowace kwalba da wani ɗan ƙarfe a wuyanta. In an tuntsura ta sai ta tsiyayo oza ɗaya da rabi, wajen mililita 44, ta tsaya cak. Ko uban mai gidan ne ya zo ba ƙari. Sannan ba a kawo maka giya sai ka nuna abinci ka zo ci, domin lasisin gidan abinci ya ce kashi 70 cikin ɗari na ciniki dole ya fito daga abinci. Na sha ganin baƙo ya yi odar soyayyen dankali, ya sha abin da ya kawo shi, dankalin ya dawo mana ko ɗaya bai taɓa ba. Mu a kicin gaba ta kai mu.

A 2017 aka sassauta. Aka ce ko ka bar labulen, ko ka cire shi amma yaro ba zai zauna ƙasa da ƙafa 10 daga wurin zuba giya ba. Mai gidanmu ranar da aka ba shi izini da kansa ya ɗauko sukundireba.

Maman Ilham
Auta ka ba ni dariya, amma bari in faɗi nawa, domin na ga kamar duk kun haɗu kuna yi musu ba'a. Ni nas ce, na yi aikin dare a ɗakin gaggawa a wata jiha kafin mu dawo Utah. Daren Asabar can da daren Asabar nan ba ɗaya ba ne. Ba na ce babu mashaya a nan ba, akwai su, muna ɗinke su. Amma Utah ce ke ƙasa a duk Amurka wajen yawan giyar da ake sha in aka raba da yawan jama'a, haka ma shan taba.

Kuma su suka fara rage ma'aunin maye na direba, wato iyakar giyar da doka ta yarda a samu a jininsa. A 1983 suka sauko da shi zuwa 0.08, daga baya duk ƙasa ta bi. A ƙarshen Disamba 2018 suka sake saukowa zuwa 0.05, su kaɗai. Masu harkar giya suka sayi shafukan jarida suna gargaɗin baƙi, wai ka zo hutu ka koma da shari'a a wuya. Hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya ta fitar da bincike a 2022, ta ce in aka auna da yawan tafiyar da motoci suka yi, haɗurran da ake rasa rai sun ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari tsakanin 2016 da 2019, kuma baƙi ba su daina zuwa ba.

Ni uwa ce. In shiga kanti da 'ya'yana ban ratsa layin kwalaben wiski kafin in kai ga madara ba, wallahi ni'ima ce. Maƙwabciyata 'yar cocin ce, 'ya'yanta biyar, ranar da ta gane ba ma shan giya rungume ni ta yi. Shayi ne kawai ya raba mu.

Direban Salt Lake
Maman Ilham ban musa miki ba, ni ma shi ya sa na kasa barin garin. Kuma dokar 0.05 ta yi mana rana mu direbobi, wanda ya sha kofi biyu ma tsoron tuƙi yake, sai ya kira mu. Ka ga ni ma ina cikin masu cin arzikin. Abin da nake tambaya dai kuɗin.

Baban Zango
Salamu alaikum. Ni yaron Kumasi ne, tirela nake ja, babbar hanya ta 80 kamar tsakar gidana take. Ku da ke cikin gari ba ku ganin inda kuɗin ke zurarewa, mu muke gani.

In ka bar Salt Lake ka yi gabas kamar mil 80, kana tsallaka iyaka ka shiga Wyoming, garin farko Evanston. Ƙaramin gari ne, amma ka dubi shagunan giya da na tartsatsin wuta a bakin hanya, ka dubi lambobin motocin da ke fake, na Utah ne birjik. In ka yi yamma mil 120 ka isa Wendover. Gari ɗaya ne iyaka ta raba shi biyu. Ɓangaren Utah shiru kamar an yi mutuwa, ɓangaren Nevada gidajen caca fitilu har sama, ga motocin safa na sauke tsofaffi daga Salt Lake. Domin Utah da Hawaii ne kawai jihohin da suka hana kowace irin caca. Tikitin loto ma sai sun tsallaka iyaka zuwa jihohi irin su Idaho da Wyoming suke saye.

Ni abin da na gani, doka ba ta kashe ƙishirwa, wurin sha kawai take canja mata. Harajin da Utah za ta ci maƙwabta ke ci.

Maman Ilham
Baba, wanda zai tuƙa mil 80 don kwalba ai da ma ya yi nisa. Dokar ba don shi aka yi ba. Don ɗan shekara 16 aka yi, wanda in abu na kusa zai taɓa, in yana nesa zai manta.

Ɗan Wusasa
Duka biyunku kuna da gaskiya, amma ni inda na fi sa ido shi ne yadda dokar take tafiya da shekaru. Kullum sassautawa take, kuma kusan kullum kuɗi ne ke tura ta.

A 1968 aka kai maganar sayar da giya kofi-kofi gaban masu zaɓe, coci ta fito fili ta yaƙe ta, aka kayar da ita da kusan biyu bisa uku. Sai aka koma sayar da 'yan mitsi-mitsin kwalabe irin na jirgin sama, kai za ka zuba da hannunka, har zuwa 1990. Mashaya kuwa ba a kiranta mashaya, kulob ne na 'yan ƙungiya. Baƙo ya zo daga Jamus, sai ya cike fom ya biya 'yan daloli ya zama mamba kafin a ba shi kofi ɗaya. Haka aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta 2002, 'yan jaridar duniya suka samu abin rubutu. A 2009 gwamna Jon Huntsman, shi ma ɗan cocin, ya ce wannan abu yana korar baƙi, aka soke kulob. Amma ba a bayar kyauta ba, labulen da Auta ya ba mu labari shi ne farashin. Haka ake yi a can: a ba ka da dama, a karɓa da hagu.

Biya ma haka. Shekara da shekaru ta kanti ba ta wuce kashi 4. Da jihohin Oklahoma da Colorado da Kansas suka daina irin wannan doka, manyan kamfanoni suka ga ba riba su riƙa dafa biya ta musamman saboda Utah. Kantuna suka ga kantocinsu za su bushe. A Nuwamba 2019 aka ɗaga zuwa kashi 5. Ba wa'azi ne ya canja ba, kasuwa ce.

Ku tuna jihar nan tana da gandun daji na ƙasa guda biyar, Zion da Bryce Canyon da Arches da Canyonlands da Capitol Reef, ga wuraren zamiya irin su Alta da Snowbird da Deer Valley. Baƙi na kashe sama da dala biliyan 12 a shekara. Ga kamfanonin kwamfuta a Lehi da Provo, ga babban ofishin bankin Goldman Sachs a Salt Lake, duk suna son ɗauko ma'aikata daga wasu jihohi. Olamfik kuma za ta dawo a 2034. Ku sa ido, kafin lokacin za a sake kwance wani ƙulli.

Inda ya fi ciwo ga ɗan kasuwa shi ne lasisin mashaya. An ɗaure shi da yawan jama'a, an daɗe ana ba da ɗaya ga kowane mutum 10,200, sai a 2024 aka fara sassautawa. Mutum ya kama haya, ya gyara wuri, ya ɗauki ma'aikata, ya zauna wata da watanni yana jiran hukuma ta ce lasisi ya faɗo. Sannan ba a buɗewa kusa da makaranta ko coci ko wurin wasan yara. A garin da kusan kowace unguwa da cocinta, lissafa filin da ya rage.

Ɗan Damagaram
To wa ke yin dokar, majalisa ko coci?

Ɗan Wusasa
Majalisa. Amma kusan tara cikin goma na 'yan majalisar 'yan cocin ne, alhali a rajistar coci mabiya wajen kashi 60 ne na jama'ar jihar, a gundumar Salt Lake ma ba su kai rabi ba. Coci ba ta cika tsoma baki a kowace doka ba, amma a kan giya tana magana. A 2014 ɗaya daga cikin manzanninta goma sha biyu, Todd Christofferson, ya fito a bidiyo ya ce a bar dokokin yadda suke, kuma a shekarar labule bai motsa ba. Kowa a can ya san dokar giya ba ta wucewa in coci ta ɗaure fuska.

Sai dai a yi adalci. Jihohi 17 ne gwamnati ke riƙe da cinikin barasa ta wata fuska, har da Pennsylvania da New Hampshire, inda babu ruwansu da Mormon. A kudu kuma 'yan Baptis sun bar gundumomi da yawa babu sayar da giya sam. Gundumar da ake dafa wiskin Jack Daniel's a Tennessee tana cikinsu.

Auta Kuku
Kun manta waɗanda suka fi kowa cin riba: masu lemo. Tunda ba giya ba gahawa, sai aka koma lemon kwalba. Akwai shagon da ake kira Swig, a St. George ya fara a 2010, yanzu reshe ko'ina. Kofi kamar bokiti, a zuba lemo, a ƙara madara da ruwan kwakwa da sukari kala-kala. Ƙarfe bakwai na safe ka ga layin motoci, iyaye mata sun sauke yara a makaranta sun zo ɗaukar nasu. A 2012 coci ta bayyana cewa hanin bai shafi lemo mai kafin ba, a 2017 jami'arsu ta Brigham Young ta fara sayarwa a harabarta.

Maman Ilham
Wannan kam ba zan kare su ba, sukarin ya yi yawa. Kuma tunda gaskiya ake faɗa, akwai shekarun da Utah ta kasance cikin jihohin gaba-gaba a mutuwa ta ƙwayoyin kashe zafin ciwo. Ban ce hana giya ne ya jawo ba. Amma abin da likita ya rubuta ba ya sa mutum jin ya yi zunubi, kuma na ga matan aure masu kamun kai da abin ya kama.

Gaskiya Ɗaci
Tun ɗazu nake karantawa ina jira wani ya faɗa, kowa ya yi shiru. Kuna ta Utah, Utah. Mu fa? Hisbah ta tara kwalaben giya a Kano ta bi ta kansu da buldoza a gaban kyamara, ƙarshen wata kuma a je Abuja a karɓo kason harajin VAT, wanda akwai kuɗin giyar Legas da Fatakwal a ciki. Ba a kan wannan Wike ya kai ƙara ba yana gwamnan Ribas, kotu ta ba shi gaskiya a 2021? Gara Utah, sun fito fili sun ce mu ke sayarwa, ga lissafi, ga inda kuɗin ya tafi. Kuma maganar ƙwaya da Maman Ilham ta yi, mu da muka hana giya ba kodin ya cinye mana yara ba har sai da gwamnatin tarayya ta hana shi a 2018?

Ɗan Damagaram
Yau ake yinta. Bari in gyara zama.

Direban Salt Lake
Gaskiya Ɗaci ni ɗan Fagge ne, Sabon Gari na bayan gidanmu, ba sai an ba ni labari ba. Amma VAT ba giya kaɗai ba ce. Katin waya da siminti da sukarin da Kano ke saye fa, ba haraji a kansu?

Gaskiya Ɗaci
Akwai. To a cire na giyar a mayar musu mana, in da gaske ake.

Sarkin Gida
Jama'a a yi a hankali. Maganar rabon VAT mun yi ta a nan har sau biyu, kowane karo sai da na cire mutum. A tsaya a kan tambayar Direba.

Malam Na-Tudu
Sarkin Gida ka bar shi, tambayarsa ba ta fita daga hanya ba, ita ce ma ta kawo mu gaɓar. Akwai bambanci tsakanin mai karɓar haraji da mai shago, kuma magabata sun yi maganarsa. An ruwaito cewa labari ya kai wa Sayyidina Umar wasu gwamnoninsa suna karɓar giya da aladu a matsayin jizya daga waɗanda ba Musulmi ba, su sayar su zuba a baitulmali. Ya hana. Ya ce ku bar su su sayar da abinsu, ku karɓa daga kuɗin. Ka ga ya yarda da kuɗin da ya fito daga hannun mai ita, bai yarda hukuma ta zama 'yar kasuwar giya ba.

In ka ɗora wannan a kan maganarmu, wanda ya karɓi kason haraji yana da abin da zai riƙe, ko da za a yi masa gorin fasa kwalba. Utah kuwa ta tsallake wancan layin, ta ɗora ribar kusan kashi 88 cikin ɗari a kan kowace kwalbar barasa, ita ce mai shago. Hujjarsu na gane ta: ɗan kasuwa burinsa a sha da yawa, gwamnati kuwa za ta iya sayarwa tana ɓata rai, ba talla, ba rangwame, ba buɗewa tsakar dare. Hujja ce ta masu hankali. Amma duk baitulmalin da ya saba da wannan kuɗi, ranar da mutane suka rage sha, zai yi murna ko zai yi lissafi?

Ɗan Wusasa
Allah ya gafarta Malam, ai a 2022 sun canja wa hukumar suna. Da hukumar taƙaita giya ce, yanzu hukumar hidimar giya. Kalma ɗaya suka sauya.

Gaskiya Ɗaci
Malam na ji ruwayar, amma Sayyidina Umar bai aika a fasa musu tulunan ba kafin ya karɓi kuɗin.

Malam Na-Tudu
Wannan kuma ka kama ni a wani gefe. Malamai sun yi magana a kan wanda ya bayyana ta a kasuwar Musulmi da wanda ya ɓoye a unguwarsa, kuma doguwa ce. Sarkin Gida na hararata, mu bar ta zuwa wani zaman.

Direban Salt Lake
Malam kafin ka tashi, abincin 'yar tawa fa? In riƙa ɗaura mata daga gida?

Malam Na-Tudu
Ta ci abinta. Ba ita ta sayar ba, ba kai ka sayar ba, kuɗin ya shiga baitulmali ya cakuɗe da harajin da kai ma kake biya. An kawo wa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, naman da aka ba Barira sadaka, alhali shi ba ya cin sadaka, ya ce a gare ta sadaka ne, a gare mu kyauta. Abin da za ka bincika a farantin nan naman ne, na mene ne, wa ya yanka.

Maman Ilham
Wannan kam, ranar da suke ba da naman alade a rubuce take a jadawalin wata, ka riƙa dubawa. Ni ranakun nan dambun shinkafa nake ɗaura wa nawa, har 'ya'yan maƙwabciyar tawa sun koyi ci.

Direban Salt Lake
Na gode ƙwarai. Bari in gudu, waya ta yi ƙara. Fasinja ne daga tsakiyar gari zuwa Wendover, mil 120, kuɗi mai kauri. Malam in karɓa?

Malam Na-Tudu
Wane ɓangaren, na Utah ko na Nevada?

Ɗan Damagaram
Kada ka duba taswira Direba. Ziyarar dangi za shi.